Lissafina ya nuna ƙanƙarar Kilimanjaro ta ƙaru, ina na kauce?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin ƙasa, ajin ƙarshe, a nan Gombe. Aikin kammala karatuna a kan raguwar ƙanƙarar da ke saman tsaunin Kilimanjaro ne. Na sauke hotunan Landsat guda biyu, ɗaya na watan Fabrairun 2000, ɗaya na watan Mayun 2020, na zagaye duk inda ya yi fari na auna. Sai lissafi ya nuna wai ƙanƙarar ninkawa ta yi. Malamin da ke duba aikin ya ce in koma in sake. Ina na kauce? Sannan na samu wata tsohuwar taswirar tsaunin, yaya zan haɗa ta da hoton tauraron ɗan'adam? Ni dai ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta ruwan sama da ta firji. Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malaminka ya yi daidai da ya mayar da kai, amma ka kwantar da hankalinka, lissafin naka bai ɓaci ba. Abin da ka auna ne ya saɓa da abin da kake nema. Tambayar taka kashi uku ce: me ya sa hoto ya nuna ƙari alhali an san raguwa ake yi, yaya ake fitar da iyakar ƙanƙara ba tare da ido ya yaudari mutum ba, sannan ta ina tsohuwar taswira za ta shigo. Batun rashin taɓa ganin ƙanƙarar kuwa kada ya dame ka. Kundin Randolph, wanda ya tattara iyakokinsu, ya lissafa kogunan ƙanƙara, wato dunƙulalliyar ƙanƙarar da ke zama a wuri shekara da shekaru, fiye da 200,000 a duniya, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu aka taɓa hawa aka auna da hannu. Sauran duk daga hoto aka san su.

Ba kowane fari ne ƙanƙarar da kake nema ba

Hausa kalma ɗaya ta ba mu, ƙanƙara, alhali abubuwan uku ne. Akwai wadda ke zubowa da ruwan sama ta fasa ganyen masara, ita ba ta cikin zancenmu. Akwai dusar ƙanƙara, mai sauka kamar auduga ta lulluɓe tsauni, ta yi kwanaki ko makonni ta tafi. Sai ta uku, wadda ita ce aikinka: dusar da ta ƙi narkewa, wata ta sauko a kanta shekara bayan shekara, nauyi ya danne ta ya matse iskar cikinta har ta koma dunƙulen ƙanƙara mai tauri, wanda idan ya yi kauri sosai yakan riƙa gangarawa a hankali. Wannan gangarawar ce ta sa nake kiran ta kogin ƙanƙara, ko da yake na saman Kilimanjaro sun fi kama da manyan tubala masu tsayayyun gefe kamar katanga.

Daga sama, dusa da kogin ƙanƙara duk fari ne. Gabashin Afirka kuwa damina biyu gare su, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama daga Oktoba zuwa Disamba, kuma abin da ke sauka a matsayin ruwa a garin Moshi da ke gindin tsaunin, a can sama, kusa da mita 5,895, dusa ce. Hotonka na 2000 na rani ne, na 2020 kuma na ƙarshen babbar damina. Ka ɗauka wani ya auna ruwan madatsar Dadin Kowa a watan Afrilun wata shekara, ya sake aunawa a Satumbar wata shekarar, ya zo ya ce maka tafkin ya girma cikin shekara ashirin. Za ka ce masa damina ya auna. To kai ma damina ka auna.

Kuma wata ɗaya ma ba ya isa ya zama hujja. Akwai hotunan Landsat guda biyu na Kilimanjaro da suka yaɗu sosai, ɗaya na Fabrairun 1993 ɗaya na Fabrairun 2000, na farko fari fat, na biyu kusan tsirara. Mutane da yawa sun riƙa nuna su a matsayin shaidar narkewar shekara bakwai, alhali babban rabon bambancin dusa ce da ta sauka kafin a ɗauki na farkon. Irin kuskurenka ne dai, sai dai nasu ya fuskanci inda ake so ya fuskanta, shi ya sa ba a cika tuhumarsa ba.

Zaɓen hoto, inda rabin aikin yake

Ka'idar ita ce a nemi ranar da dusa ta fi ƙaranci a shekara, girgije kuma bai rufe ba. A Kilimanjaro da tsaunin Kenya ana duba ƙarshen ranin nan biyu, wato Fabrairu zuwa farkon Maris, da Satumba zuwa farkon Oktoba. A tsaunukan Turai ƙarshen Agusta zuwa Satumba ne. A Himalaya sai bayan daminarsu ta ɗauke, Oktoba zuwa Nuwamba. Kada ka ƙulla wa kanka cewa lallai sai 2000 da 2020. Idan 2020 ba ta da hoto mai tsabta, ɗauki 2019 ko 2021, ka rubuta ainihin ranar. Shekara mai kyan lamba ba ta da wata daraja a wannan aiki.

Yadda za ka gane hoto yana da dusa: kogin ƙanƙara gefensa a yanke yake, sumul, kuma yana nan a wuri ɗaya a kowane hoto. Dusa kuwa gefenta a yage yake, tana bin kwazazzabai da tsagin duwatsu kamar yatsu, tana kuma canza siffa daga mako zuwa mako. Saboda haka a kowane zamani da kake so ka auna, ka sauke hoto uku ko huɗu na watanni ko shekaru makusanta, ka jera su. Farin da ya bayyana a dukkansu shi ne ƙanƙara. Wanda ya zo a ɗaya ya ɓace a ɗaya, baƙo ne.

Ga abin da kake da shi a hannu, kuma duk kyauta. Landsat na farko an harba shi a 1972, amma kyamararsa kowane ɗigo na hoto yana ɗaukar kusan mita 80 a ƙasa, wanda ya yi wa ƙananan ƙanƙarar Afirka girma. Daga Landsat 4, wanda aka harba a 1982, da Landsat 5 na 1984, ɗigon ya koma mita 30, kuma haka yake har Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021. Kowannensu yana komowa wuri ɗaya bayan kwana 16. Landsat 7 na 1999 yana da kyau har zuwa ƙarshen Mayun 2003, lokacin da wata na'ura a cikinsa ta lalace, hotunansa suka riƙa fitowa da baƙaƙen ratsi da ke cinye kusan kashi 22 cikin ɗari. Naka na Fabrairun 2000 ya tsira daga wannan. Tun 2008 hukumar USGS ta Amurka ta buɗe rumbun duka, ana saukewa ta EarthExplorer. Sai dai za ka tarar hotunan Gabashin Afirka na shekarun 1980 da 1990 ba su da yawa, don haka zaɓinka a can ƙanƙane ne. Daga 2015 kuma akwai Sentinel-2 na Turai, mai ɗigon mita 10 a wasu zangunan haske da mita 20 a wasu, yana komowa kusan kowane kwana 5 tun da aka harba na biyunsa a 2017. Shi ya fi dacewa da shekarun baya-bayan nan.

Cikakken hoton Landsat 8 ɗaya yakan kai kusan gigabait guda, wanda ba ƙaramin kuɗin data ba ne ga ɗalibi. Ba ka buƙatarsa duka. Zango huɗu kawai za ka sauke: kore, ja, infirared na kusa, da wani infirared da ake kira SWIR. Ko kuma ka yi amfani da Google Earth Engine, inda lissafin ke gudana a kwamfutocinsu, kai ka sauke ɗan yankin saman tsaunin kaɗai. Abu ɗaya ka kiyaye: kada ka dogara da adadin girgijen da aka rubuta a jikin hoto wajen tacewa. Adadin na faɗin hoton ne gaba ɗaya, wajen kilomita 185, kuma sau tari gindin Kilimanjaro yana cikin girgije ƙoƙuwarsa tana waje tas. Ƙari a kan haka, manhajar da ke gano girgije takan ɗauki ƙanƙara a matsayin girgije ta goge ta. Buɗe kowane hoto ka duba da idonka.

Raba ƙanƙara da dutse

Zagaye fari da hannu a hoto mai launin da ido ya saba gani shi ne hanya mafi rauni, domin a can girgije fari ne, dusa fara ce, toka mai haske ma takan yi fari. Dabarar da ake amfani da ita ta dogara ne da wata ɗabi'a ta ƙanƙara: tana mayar da yawancin hasken da ido ke gani, amma tana shanye hasken SWIR, na wajen maikiromita 1.6. Wato a zangon kore tana ƙyalli, a SWIR baƙa ce. Dutse yana da matsakaicin haske a duka biyun. Girgijen ruwa yana ƙyalli a duka biyun. Da wannan bambancin ake raba su.

Fara da haɗa hoton duba. A manhajar taswira ta QGIS ka sa SWIR a gurbin ja, infirared na kusa a gurbin kore, ja a gurbin shuɗi. A Landsat 5 da 7 zanguna 5, 4, 3 ke nan. A Landsat 8 da 9 kuma 6, 5, 4. A Sentinel-2 su ne 11, 8, 4. Lambobin sun bambanta tsakanin taurarin, kuma a nan ɗalibai da yawa ke zamewa, su ɗauki lambar Landsat 7 su sa wa Landsat 8. Idan ka haɗa daidai, ƙanƙara za ta fito shuɗiya mai haske, girgije fari, dutse ruwan ƙasa.

Sai lissafin da ake kira NDSI: ka cire SWIR daga kore, ka raba da jimillar kore da SWIR. Sakamakon yana tsakanin -1 da 1, kuma abin da aka saba shi ne duk ɗigon da ya haura 0.4 a ɗauke shi ƙanƙara ko dusa. Akwai hanya ta biyu da masu wannan fanni da yawa suka fi so don ta fi jure inuwa, wato raba ja da SWIR kai tsaye, a sa iyaka a wajen 2. Ko wacce ka ɗauka, kada ka karɓi lambar iyakar kamar wahayi. Gwada 0.35, 0.4, 0.45 da 0.5, ka ɗora kowane sakamako a kan hoton duba, ka zaɓi wanda ya fi bin gefen ƙanƙarar, musamman a wuraren inuwa. A fili mai rana duk za su ba ka kusan abu ɗaya, a inuwa ne suke rabuwa.

Kafin lissafin akwai wani tarko. Lambobin da ke cikin fayil ɗin ba su ne ainihin hasken ba, an ninka su ne don sauƙin ajiya. A Landsat na Collection 2 mataki na biyu, sai ka ninka da 0.0000275 ka cire 0.2. A Sentinel-2 ana rabawa da 10,000, amma hotunan da aka sarrafa daga 25 ga Janairun 2022 sai an fara cire 1,000 tukuna. Idan ka tsallake wannan, NDSI ɗinka zai fito, ba zai nuna maka wata alamar matsala ba, amma iyakar 0.4 ba za ta ƙara nufin abin da take nufi ba.

Bayan ka samu hoto mai baƙi da fari, ka tace ƙananan ɗigogin da ke warwatse, ka mayar da shi zanen iyaka da Polygonize, sannan ka bi shi gefe-gefe da hannu. Yawancin kundaye ba sa ƙirga abin da bai kai murabba'in kilomita 0.01 ba, wato ɗigon Landsat 11. A Kilimanjaro ragowar gutsattsarin sun ƙanƙance har wasu sun kusa wannan iyaka, don haka ka faɗi a fili wace iyaka ka ɗauka, ka kuma riƙe ta a duk shekarun. Wajen auna faɗi, ka tabbata aikin yana kan tsarin awon taswira na UTM, shiyya ta 37 ta kudu. Gombe da Bauchi suna shiyya ta 32 ta arewa, kuma idan QGIS ɗinka ya saba da ita daga wani aikin da ka yi a baya, zai iya ba ka lambar da ta karkace.

Inda na'ura take ruɗewa

Inuwa ce ta farko. Landsat yana wucewa wajen ƙarfe goma na safe, Sentinel-2 wajen goma da rabi, rana tana gabas, saboda haka gangaren yamma da kudu maso yamma na Kibo, ƙoƙuwar Kilimanjaro mafi tsayi, sukan kasance cikin duhu, ƙanƙarar wurin ta ɓace daga lissafi, ko kuma dutsen da ke inuwa ya shigo a matsayin ƙanƙara. Maganinsa shi ne ka ƙara hasken zangon shuɗi ko kore sosai a wurin, ka gyara da hannu.

Ta biyu ruwa. Lissafin NDSI ɗin nan, harafi da harafi, shi ne wanda ake amfani da shi wajen fitar da iyakar tafki da wani suna daban, domin ruwa ma yana shanye SWIR. Saboda haka tafkin da ke bakin kogin ƙanƙara yakan shigo cikin awo. A saman Kibo wannan ba babbar damuwa ba ce, amma a Himalaya, inda tafkuna irin su Imja suke girma daidai inda ƙanƙara ta janye, wanda bai cire tafki ba, zai ga kamar ba abin da ya canza. Wannan kamancen yana da amfani gare ka ta wata fuskar: ka fara gwada hannunka a kan Dadin Kowa. Ka fitar da iyakar ruwan a watanni daban-daban, wurin da ka sani, wanda za ka iya hawa mota ka je ka gani. Duk matakan ɗaya ne.

Ta uku, wadda ta fi wuya, ita ce ƙanƙarar da tsakuwa da ɓaraguzan dutse suka rufe. Ƙasan kogin Khumbu a Nepal da na Baltoro a Pakistan haka suke, daga sama ba ka ganin komai sai tarin duwatsu, ƙanƙarar tana ƙarƙashi. NDSI makaho ne a nan. Ana taimaka masa da zangon zafi, tunda tsakuwar da ke kan ƙanƙara takan fi ta gefe sanyi, da kuma hotunan rada na Sentinel-1 da ke nuna wurin da ƙasa ke motsi, amma a ƙarshe hannu ne ke zanawa, kuma ƙwararru biyu sukan saɓa a wuri ɗaya. Ka yi sa'a ƙanƙarar Kilimanjaro yawancinta a buɗe take.

Nawa ne kuskurenka?

Wannan ne sashen da ayyukan ɗalibai suka fi rasawa, kuma a ganina shi ke raba awo da zane. Kowane ɗigo da ke gefen ƙanƙara rabinsa ƙanƙara ne rabinsa dutse, kai kuma ka tilasta masa zama ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta ƙiyasta wannan ita ce ka ninka tsawon kewayen da rabin ɗigo. Misali ƙanƙara mai faɗin murabba'in kilomita 1, kewayenta kilomita 6. A Landsat, mita 6,000 sau 15 ya ba ka murabba'in mita 90,000, wato 0.09, kashi 9 cikin ɗari. A ɗigon mita 10 zai sauko zuwa kashi 3. Da yake awo biyu kake kwatantawa, sai ka ninka kowane kuskure da kansa, ka tara, ka ɗauki tushen jimillar: 0.09 da 0.09 za su ba ka kusan 0.13. Ma'ana, idan bambancin da ka samu tsakanin shekaru biyu bai kai 0.13 ba, ba ka da ikon cewa wani abu ya canza.

Daga nan za ka ga dalilin da ya sa ba a kwatanta bana da bara da Landsat a kan ƙaramar ƙanƙara, ana barin tazarar shekara goma ko fiye. Za ka kuma ga cewa yayin da ƙanƙara ke farfashewa gutsi-gutsi, kewayenta yana ƙaruwa a kan faɗinta, kuskuren yana hawa. Babban filin ƙanƙarar arewa na Kilimanjaro ya rabe biyu a 2012, don haka awonka na shekarun baya-bayan nan ya fi na 2000 rauni idan da Landsat ka yi duka. Idan kuma ka haɗa Landsat a farko da Sentinel-2 a ƙarshe, ka auna shekara ɗaya da duka biyun, ka nuna bambancin da canjin kyamara kaɗai ya kawo.

Tsohuwar taswira

Taswira tana kai mu baya, kafin zamanin taurarin ɗan'adam. Awon Kilimanjaro yana farawa ne daga taswirar da Jamusawa suka yi a 1912, na Ruwenzori daga tafiyar Duke na Abruzzi a 1906, na kogin Lewis a tsaunin Kenya daga taswirar 1934. Amma taswira ba hoto ba ce, hukuncin wani mutum ne a kan abin da ya gani, kuma sai an yi mata tambayoyi.

Ta farko, yaushe aka yi awon? Shekarar da aka buga a gaba ta bugu ce. Ka duba ƙananan rubutun da ke gefen ƙasa, inda ake faɗin shekarar da jirgi ya ɗauki hotunan da aka zana ta daga gare su. Tazarar takan kai shekaru, kuma sabon bugu sau da yawa hanyoyi da sunayen garuruwa kawai yake gyarawa, ya bar ƙanƙarar yadda take. Ta biyu, wane tushen awo aka bi? Kamar yadda tsofaffin taswirorinmu na Najeriya suke kan tushen Minna, na Tanzaniya da Kenya yawanci suna kan Arc 1960, hotunan tauraro kuwa suna kan WGS 84. Tsakanin Arc 1960 da WGS 84 akwai gocewar kusan mita 300. Ga ƙanƙarar da faɗinta bai wuce ƴan ɗaruruwan mitoci ba, wannan ya isa ya ɗauke ta daga mazauninta gaba ɗaya. Ta uku, shin mai zanen ya bambance dusa da ƙanƙara? Ba kullum ba. An sha samun tsofaffin taswirorin Himalaya da suka zana dusar lokaci a matsayin kogin ƙanƙara, wanda ya sa raguwar da aka lissafa daga gare su ta zarce gaskiya.

A aikace, ka yi sikanin ɗinta a shimfiɗe, da kaifin ɗigo 300 zuwa 600 a kowane inci, ban da ɗauka da waya, don waya tana lanƙwasa gefuna. Ka buɗe Georeferencer a QGIS. Idan tana da layukan awo, yi amfani da mahaɗarsu ka faɗa wa manhajar ainihin tushen awonta. Idan ba ta da su, ka nemi alamomin da ba sa motsi: ƙololuwar dutse, bakin ramin aman wuta, mahaɗar kwazazzabai. Kada ka taɓa kafa alama a gefen ƙanƙara, tunda shi ne abin da kake tuhuma. Alama goma zuwa goma sha biyar, a warwatse ko'ina, wasu kuma a kusa da saman, domin taswirar da ta zauna daidai a gindin tsauni tana iya gocewa a ƙoƙuwa. Ka ware uku ko huɗu da ba ka sa a lissafin ba don gwaji. Kuma ka tuna a taswira mai ma'aunin 1:50,000, layin da kaurinsa rabin milimita ne yana cin mita 25 a ƙasa. Idan abin da ka samu hoto ne kawai daga intanet, ba ma'auni, ba shekarar awo, to ka sa shi a matsayin abin kallo, ka ɗauki lambar 1912 daga binciken da aka riga aka wallafa.

Faɗi ba kauri ba ne

Duk abin da muka yi zuwa nan faɗi yake aunawa, kuma iyakar hanyar ke nan. Ƙanƙara tana iya sirancewa da mita goma gefenta bai ja da baya sosai ba, sai rana ɗaya ta huje ta watse. Don sanin yawan abin da aka rasa sai an kwatanta tsayin saman ƙanƙarar a lokuta biyu, ta amfani da taswirar tudu da kwari ta kwamfuta. Wadda aka fi farawa da ita ita ce SRTM, da aka ɗauka da rada cikin kwana 11 a Fabrairun 2000, sai a kwatanta ta da wadda aka samu daga hotunan ASTER, wata kyamarar tauraro, ko ta shirin Copernicus na Turai. Ana cire tsohuwar daga sabuwar, a ninka matsakaicin raguwar da faɗi, a samu girma, sannan a ninka da kilogiram 850 a kowane kubik mita. Kogin da faɗinsa murabba'in kilomita 2 ne, ya sirance da mita 15 cikin shekara 20, ya rasa kubik mita miliyan 30 na ƙanƙara, kusan tan miliyan 25.5 na ruwa. Da irin wannan hanya, ta hotunan ASTER, wani bincike na 2021 ya gano kogunan ƙanƙara na duniya suna rasa kusan tan biliyan 267 a shekara tsakanin 2000 da 2019.

Matsalar ita ce sai taswirorin biyu sun hau kan juna daidai. Idan ɗaya ta goce da ɗigo ɗaya tak, mita 30, a gangare mai digiri 30, za ka samu bambancin tsayi na ƙarya har mita 17. Alamarsa ita ce gefe ɗaya na kowane tudu ya nuna ya tashi, ɗaya gefen ya nuna ya nutse. Shi ya sa ake fara gwadawa a kan dutsen da ba ƙanƙara, inda bambancin ya kamata ya zama sifili, a daidaita har ya kusa haka. Rada kuma tana ratsa busasshiyar dusa ta shiga ƴan mitoci kafin ta dawo, don haka SRTM takan nuna saman ƙanƙara ƙasa da inda yake. Shawarata, ga aikin digirin farko a kan gutsattsarin Kilimanjaro, kada ka shiga wannan. Ɗigon mita 30 ya yi musu girma, tsayayyun gefunansu kuma suna rikita lissafin. Ka tsaya a faɗi, ka yi shi da kyau, ka rubuta cewa kauri ba ya cikin abin da ka auna.

Haka nan ka yi hattara a babin dalilai. Hoto yana nuna cewa ƙanƙara ta ragu, ba ya nuna abin da ya rage ta. A saman Kibo matsakaicin sanyi yana ƙasa da sifili da wajen digiri 7, kuma wani kaso na ƙanƙarar yana tashi ne kai tsaye ya zama tururi saboda zafin rana da bushewar iska, ba tare da ya zama ruwa ba. Masana irin su Georg Kaser da Thomas Mölg sun fi jingina abin ga bushewar da yankin ya shiga tun ƙarshen ƙarni na 19 da ƙarancin saukar dusa, Lonnie Thompson kuma, wanda ya haƙo samfurin ƙanƙarar a 2000, ya fi ba ɗumamar yanayi nauyi. Ka kawo duka biyun, kada ka ce hotunanka sun yanke hukunci a tsakaninsu.

Ga lambobin da za ka gwada naka da su. Binciken Nicolas Cullen da abokan aikinsa na 2013 ya ba da murabba'in kilomita 11.4 a 1912 da 1.76 a 2011, raguwar kusan kashi 85 cikin ɗari. Na shekarar 2000 ya kamata ya faɗo maka tsakanin 2.5 da 3, na wajen 2020 kuma ƙasa da na 2011. Ka ajiye hoton Fabrairun 2000, ka jefar da na Mayu, ka nemo na Sentinel-2 daga ƙarshen rani, ka ƙara ɗaya ko biyu a tsakiya don kada layinka ya rataya a kan maki biyu kacal. A jadawalin sakamako kowane layi ya ɗauki ranar hoto, sunan tauraro, girman ɗigo, iyakar NDSI da ka sa, faɗin da ka samu da kuskurensa. Idan na ƙarshen ya sake fita 3 ko 4, buɗe hoton duba ka nemi yatsun nan da ke bin kwazazzabai.